Aron Sunan Amm Usman

Mijina Lado bai taɓa yin bara ba. Da wannan zan fara, don in ba a san haka ba, ba za a gane abin da ya same mu ba. Gurgu ne tun yana ƙarami, shan-inna ta shanye masa ƙafafu biyu, kuma a Jidda idan aka ga gurgu baƙar fata zaune a ƙofar masallaci, kowa ya riga ya yanke abin da ya kawo shi. Shi kuwa asuwaki yake sayarwa. Yana da akwatin katako ɗaure a gaban kekensa na guragu, irin wanda ake murzawa da hannu, ya lulluɓe kayansa da jiƙaƙƙen buhu don kada su bushe.

Duk wanda ya fito daga salla ya jefa masa kuɗi a cinya ya wuce, to ya jawo wa kansa. Lado zai zari asuwaki ɗaya, ya murza keke, ya bi mutum har bakin titi yana kira, "Ya hajj! Ya hajj! Ka manta kayanka!" Na taɓa ganin ya bi wani Balarabe mai tumbi har wurin ajiye motoci, bawan Allah yana ta ɗaga hannu yana cewa ya bar shi, amma sai da ya karɓa kafin ya samu ya rufe ƙofar motarsa.

Ni a ganina girman kai ne, kuma nakan faɗa masa. "Malam, mutum ya ba ka don Allah, kai kuma ka hana shi lada?"

"Ladansa na nan, Zinariya, ban taɓa masa ba. Ni dai ciniki na yi."

Umra ce ta kawo mu daga Gumel, muka zauna kamar yadda dubban mutane suka zauna. Ba mu da iƙama, wato takardar zama, ba mu da kafilin da zai tsaya mana. Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Sa'alaba. Kullum da safe Lado yakan murza kekensa zuwa wani babban masallaci a Madain Fahd inda ya samu wurin zama, ni kuma in shiga gidaje wanki da guga. Ƙin barar tasa kuma ba girman kan kawai ba ne, ni ma na sani. Mai sayar da asuwaki in ya iya lafewa yakan sha. Mabarata kuwa mota ake kawowa a kwashe su, sai gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Mu kuma ba mu da komai a gida ban da wani ɗan fili da Lado ya saya da guminsa.

Shekarar da ta biyo bayan ambaliyar da ta ci Jidda, kafaɗunsa suka fara ciwo. Da farko ya ɓoye mini. Sai na lura riga ma sai ya daɗe yana kokawa da ita kafin ta shiga, yana cije leɓe. Daga baya ya koma dawowa gida bayan kowa ya dawo, gumi sharkaf, wai ya tsaya hira ne a hanya. Wace hira? Tsayawa yake yi a gindin kowace inuwa yana jiran zogin ya lafa. Da ƙyar na ja shi wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ba sa tambayar takarda. Likitan ya ɗaga hannun, ya juya shi, Lado ya saki ƙarar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Likita ya ce gaɓoɓin sun cinye, idan ya ci gaba da murza keken nan, akwai ranar da ko loma ba zai iya kaiwa baki ba.

Da muka fito Lado ya ce, "To da me yake so in yi tafiya? Da kunne?"

Na yi dariya don ya ji daɗi, amma wallahi hankalina ya tashi. Mutumin da ba shi da ƙafa, hannuwansa su ne komai nasa.

A unguwar Sharafiyya muka ga motar, a wani shagon kayan marasa lafiya. 'Yar ƙarama ce ja mai taya huɗu, kujerarta kamar ta mai aski, ga kwando a gaba. Ba ta shan mai. Jona ta ake yi a bango kamar wayar hannu, da safe a hau a danna wani ɗan ƙarfe da yatsa ta tafi, ko ƙara ba ta yi. Lado ya manna fuska a gilashi yana kallo kamar yaro a gaban mai alewa. Na shiga na tambayi kuɗinta. Abin da mai shagon ya faɗa sai da na nemi wurin zama. Da ya ga yadda na yi sai ya ce in kwantar da hankali, ai kusan ba wanda yake biyan wannan kuɗin. Akwai wata ƙungiyar taimako da ke biya wa naƙasasshe rabi, shagon ma yana rage wani abu ga mai katin naƙasa, abin da ya saura ne kawai mutum zai kawo.

Har na fara yi masa addu'a sai ya miƙo hannu. "Fen iƙama?" Wato ina takardar zama.

Muka yi godiya muka kama hanya.

Cikin gidajen da nake wa aiki akwai gidan Amm Usman, wato Baffa Usman, a Madain Fahd, bayan masallacin da Lado yake zama. Hausawa ne, amma irin waɗanda kakanninsu suka zo hajji a ƙafa suka zauna. A nan aka haifi tsohon, a nan ya haifi nasa, takardunsu cif. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekaru, tun kafin Lado ya fara zama a wannan masallacin. Hannun dama ne kawai ya rage masa, magana kuwa ta ɗauke. 'Yarsa Luba ce take jinyarsa, ɗansa Hamad kuma direban wani kamfani ne. Suna ƙaunarsa, ba zan yi musu ƙarya ba, ana juya shi, ana goge shi, ana ba shi abinci a baki. Amma an daɗe da daina yi masa magana. A kansa ake tsayawa a yi shawarar maganinsa da abincinsa, shi yana kwance yana kallon rufin ɗaki.

Ina guga ina ba Luba labarin motar, ban san hawaye na zuba ba sai da ya ɗiga a kan rigar da nake gogewa. Hamad yana gefe yana shan shayi. Shi Hausarsa a karye take, ya fi ji a kan faɗa.

"Ya khala, ma fi mushkila," in ji shi, wato inna, babu matsala. "Abuya, baba nawa, yana da iƙama, yana da kati na naƙasa. Mu saya da suna nasa, Amm Lado ya hau. Halas, shi ke nan."

Wanda bai zauna a Jidda ba zai ce wannan wace irin dabara ce. Mu kuwa haka muke rayuwa. Ɗakin da muke ciki da sunan wani aka kama shi. Layin wayata da sunan wani Ba'indiye yake wanda ban taɓa sa shi a ido ba. Masu shago, masu tasi, masu tura kaya, kowa da sunan da ya ara. Aron suna a wurinmu kamar aron turmi ne tsakanin maƙwabta. Na ajiye dutsen guga na dinga sa wa Hamad albarka har ya ji kunya ya tashi.

Da na kai wa Lado labari ya yi murna, amma tambaya ɗaya ya yi. "An faɗa wa tsohon?"

Washegari na tambaya. Hamad ya ce, "Abuya ba ya gane komai, ya khala. A faɗa masa me?" Luba ma ta ce kada a dame shi da abin da ba zai fahimta ba. Na koma na faɗa wa Lado, ya ce shi dai da an faɗa masa da ya fi, ko da ba zai amsa ba, sunan mutum ai ba takalmi ba ne da za a zura a fita.

Raina ya ɓaci. "Malam, ana maganar hannuwanka kana maganar ladabi? 'Ya'yansa da suka fi ka kusa da shi sun ce a bari."

Ya jawo akwatinsa ya ci gaba da shirya asuwaki.

Ko da duk rangwamen, abin da ya rage ya fi ƙarfinmu. Lado ya kira ƙanensa Mahmudu a Gumel ya ce a sayar da filin. Mahmudu ya yi ta roƙonsa ya dakata, ya ce masu saye in sun ji ana sauri tayin banza suke yi. Lado ya ce a sayar. Filin nan shi ne komawarmu, shi ne wurin da muke cewa wata rana za mu kafa ɗaki mu huta, amma me mutum zai yi da fili in ba zai iya ɗaga cokali ba? Kuɗin suka zo ta hannun wani mai canji, muka damƙa wa Hamad, ya je ya biya. Mutanen ƙungiyar suka zo gida suka duba tsohon, aka kama ɗan yatsansa aka dangwala, suka ce a saurare su.

Lado ya zama wani mutum daban a kwanakin jiran nan. Ya kira mai gyaran wuta ya sa masa wurin jona waya a bakin ƙofar ɗakinmu, ƙasa-ƙasa inda hannunsa zai kai ba sai ya ɗaga kafaɗa ba. Ya sa aka fasa dokin ƙofa aka yi gangara da siminti. Kullum sai ya auna akwatin asuwakinsa da igiya, wai yana lissafin yadda zai zauna a kwandon motar. Har tsokanata yake yi, wai in na yi masa biyayya zai riƙa rage mini hanya.

Ranar da za a kawo ta Hamad ya ce akwai sharaɗi ɗaya. Mutumin ƙungiyar sai ya ga mai motar a kanta da idonsa, ya nuna masa yadda ake tuƙawa, ya ɗauki hoto don wanda ya ba da kuɗin taimakon ya gani. Ya ce abu ne na ɗan lokaci, za a ɗora abuya, a ɗauki hoto, a mayar da shi gado, da mutumin ya tafi Amm Lado ya zo ya hau abarsa. Lado ya sa farar rigarsa ta Juma'a duk da ranar Talata ce, ya laɓe a kwanar lungu a kan kekensa yana jira. Ni ina cikin gida a matsayin mai aiki.

Wajen la'asar aka sauke ta daga bayan a-kori-kura, ja wur, ko ledar kujera ba a cire ba. Luba ta sa wa tsohon farar jallabiya da hula. Hamad da direban a-kori-kurar suka cicciɓo shi suka fito da shi tsakar gida, ya runtse ido don hasken rana, suka zaunar da shi suka ɗaura masa bel. Mutumin ƙungiyar, wani siriri mai fara'a, ya durƙusa a gabansa. Abin da ya yi shi ne abin da ba wanda ya yi a gidan nan shekara da shekaru, ya dubi tsohon cikin ido ya yi masa magana.

"Mabruk, ya ammi. Wannan taka ce. Ɗanka ne ya nema maka."

Ya kama hannun daman ya ɗora a kan ƙarfen. Motar ta ɗan motsa ta tsaya. Na ga idon tsohon ya buɗe. Ya dubi hannunsa, ya dubi ƙarfen, ya sake dannawa da kansa. Ta tafi har bakin ƙofar gida. Mutumin yana tafi yana cewa mashallah, ya ɗaga na'urar hotonsa, Hamad yana murmushin dole yana cewa, "Bas, abuya, halas, ya isa."

Bai isa ba. Ƙofar gidan a buɗe take tun da aka shigo da motar, tsoho ya danna ya fice.

Muka bi shi a guje, ni da Luba ko takalmi babu. Mutumin da aka ce ba ya gane komai ya kauce wa ramin da ke ƙofar gida, ya karya kwana ta dama, ya miƙe lungun nan ɗoɗar. Ya wuce ta gaban Lado, har gefen motar ya kusa gogar tayar kekensa. Masu shaguna suka fito. Wani tsoho mai sayar da burodi ya saki abin da ke hannunsa yana kiran, "Usman! Ya Usman!" Mata suka leƙo ta tagogi, wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Bai tsaya ba sai a ƙofar masallaci, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

A nan Hamad ya cim masa yana haki. Tsohon yana kuka, hawaye na bin ɓarin fuskar da ya mutu. Ya lalubo hannun ɗansa ya kai baki ya sumbata, bakinsa ya yi ta rawa, sannan magana ta fito a karkace amma kowa ya ji.

"Allah yirda aleik, ya waladi."

Allah ya yarda da kai, ɗana. Luba ta zube a ƙasa tana kuka. Hamad ya rungume ubansa. Duk wanda ke wurin sai da ya share ido, ban da ni. Na waiwaya na hango Lado can a kwana cikin farar rigarsa, ya ɗora hannuwa a kan akwatin asuwaki yana kallo.

Da yamma Hamad ya same mu a lungu, idanunsa jajur. "Bukra, Amm Lado. Gobe. Yau bari shi ya yi farin ciki."

Lado ya ce babu komai, gobe ma rana ce.

Goben ta zo ta wuce, wata goben ma haka. Tsohon ya sa an ɗaura masa makullin motar a wuya da zare. Ba ya yarda a ajiye ta ko'ina sai a gefen gadonsa, hannunsa a kan kujerarta yake barci. Salloli biyar a masallaci yake yin su. Luba ta ce ya fara cin abinci da kansa, ya fara kiran sunanta. Tana ba ni labari tana murna, sai ta tuna da wadda take magana, ta yi ƙasa da kai ta shige kicin.

Na yi haƙuri iya haƙurina, ranar da ya ƙare na tare su biyun a tsakar gida lokacin da tsohon ya tafi azahar.

"Hajiya Luba, Hamad, ku dubi girman Allah. Filinmu ne a ƙarƙashin mahaifinku. Mijina ya kwana biyu bai fita ba."

Hamad ya ce zai biya mu. Ya rantse zai riƙa cirewa daga albashinsa duk wata har ya gama.

"Ka biya mu mu yi me da su? In ba rangwamen nan, kuɗinmu ko tayoyinta ba za su saya ba. Kana da wani uban gurgun da za ka ara mana sunansa? Ai sau ɗaya suke ba mutum!"

Na san maganar ta yi zafi, amma ban janye ta ba. Hamad ya miƙe tsaye, Hausar ta gudu ta bar shi sai da ya kamo ta da ƙyar.

"Ya khala, kina so ni in ce masa, abuya sauka, ba naka ba ne, ɗanka bai saya maka komai ba? Wallahi ma agdar. Ba na iya. Ke ki je ki faɗa."

Luba ta kama hannuna tana kuka. "Zinariya, in aka karɓe ta mutuwa zai yi. Ke ma kin gani."

"Nawa mijin fa? Shi itace ne?"

Kuma ina zan kai ƙara? Takarda ta ce motar Usman ce, hoto ya ce ta Usman ce, unguwa duka ta shaida. Ni da mijina kuwa a wurin hukuma ko wanzuwa ba mu yi ba. In na buɗe baki a gaban wani mai kaki, kafin in gama bayani muna cikin motar kame.

A gida Lado ya daina ko gwada fita. Da ya kama abin murza keken sai zufa ta keto masa. Asuwakin da ya saro da yawa don murnar mota ya fara bushewa, kullum ina yayyafa wa buhun ruwa, amma mai saye da ya karya ɗaya ya ji ƙamas ya san ya kwana. Lado yakan zauna a tabarma ya zuba wa wurin jona wutar nan ido, wanda aka sa masa ƙasa-ƙasa, ba abin da ke jone a jiki.

Labari ya kai kunnen Ubale, wani ɗan garinmu da ke da tsohuwar mota yana kwasar guragu da makafi da asuba, ya rarraba su a fitilun kan titi, da yamma ya kwaso su a raba abin da aka samu. Ya zo har ɗaki da fara'arsa, ya zauna ba a ba shi wuri ba.

"Malam Lado, ai kai ba ka da matsala. Irin ƙafafun nan naka, in ka zauna a ishara mai kyau, gindin fitilar titi, wallahi sai ka fi mai shago samu. Ba murza keke, ba komai. Ni zan kai ka, ni zan ɗauko ka."

Lado ya ce ya fita. Ubale ya tsaya yana ƙarin bayani, Lado ya rarumi buta ya jefe shi da ita. Butar ko rabin ɗakin ba ta kai ba, ta faɗi tsakaninsu ruwa ya malale. Ubale ya dubi butar, ya dubi hannun da ya jefo ta, ya ce ba gaggawa, lambarsa tana wurina in an shirya. Bayan fitarsa Lado ya juya fuska bango. Ni kuma na fita bayan ɗaki na toshe baki na yi kukana, don tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba tun zuwanmu ƙasar nan.

Ranar Alhamis ya kira ni. "Gobe ki kai ni masallaci. Ni zan yi wa tsohon magana da bakina. Dattijo ne, kuma yanzu mun ga yana ganewa. Tun farko abin da ya kamata a yi ke nan."

"In kai ka yaya?"

"Ki tura ni."

Tunda na aure shi bai taɓa bari wani ya taɓa bayan kekensa ba, ko a hawa ne. Ranar Juma'ar nan ni na tura shi tun daga Sa'alaba har Madain Fahd cikin rana, abayata ta jiƙe ta manne mini a baya. Duk hanya yana maimaita abin da zai faɗa. Zai ce, Baba, ni ma ɗanka ne. Zai ce ba ƙwace ya zo yi ba, ko rabawa ce a yi, tsoho ya yi sallolinsa na rana, shi kuma a ba shi safiya da yamma ya je ya dawo. Na ce hakan ma ya yi. A lokacin ko me aka ba mu karɓa zan yi.

Na ajiye shi a wurin zamansa na kullum, na buɗe masa akwati, na koma gefe na tsaya jikin bango. Aka idar da salla mutane suka fara fitowa. Sai ga jar motar ta gangaro ta hanyar guragu, mutane na buɗa mata. Ashe tsohon ya yi alkawarin sadakar godiya duk Juma'a. Hamad na biye da shi da kuɗi a hannu, yana zaro ɗaya-ɗaya yana miƙa masa, shi kuma yana bin mabaratan da ke jere yana ba su da hannunsa mai lafiya. Ya yi ƙiba kaɗan, fuskarsa ta yi haske. Hamad bai lura da mu ba sai da motar ta tsaya a gaban Lado, ya daskare a inda yake.

"Baba, barka da Juma'a," in ji Lado.

Tsohon ya dube shi. Ya dubi ƙafafun, ya dubi tsohon keken da abin murzawarsa da ya sha hannu har ya yi sulɓi. Na ga tausayi ya cika masa ido. Da ya ji Hausa sai shi ma ya lalubo tasa, irin ta iyayensa, kalma ɗaya-ɗaya.

"Sannu, ɗana. Da wuya. Na sani." Ya shafa gefen motar kamar mai shafa doki. "Ɗana ne... ya saya mini. Na ga rana. Na ga mutane."

Ya karɓi riyal biyar daga hannun Hamad, ya miƙo ya ajiye a cinyar Lado.

"Allah ya ba ka irinta."

Lado ya buɗe baki. Ina kallonsa, na ga maganar da ya yi ta maimaitawa a hanya ta zo har leɓensa. Ya dubi fuskar tsohon, ya dubi makullin da ke rataye a wuyansa da zare, ya dubi Hamad da ya kafe ƙasa da ido.

"Amin, Baba," in ji shi.

Na taho da sauri, na riga na cika baki da magana. Ko waiwayowa bai yi ba, sunana kawai ya kira, "Zinariya." Na tsaya.

Motar ta wuce shiru kamar yadda ta saba. Sai a lokacin Lado ya ga abin da ke cinyarsa. Ya zari asuwaki ɗaya daga akwati, ya kama abin murza keken da hannu biyu, ya tura. Tayar ta ɗan gusa ta dawo. Ya sake turawa da duk ƙarfinsa, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, hannun ya saki, asuwakin ya faɗi ƙasa. Jar motar ta riga ta kai kwanar lungu.

Na sunkuya zan ɗauka in bi tsohon da shi. Lado ya ce, "Bar shi."

Kuɗin na nan a cinyarsa, a kan farar riga, kowa na gani. Wani mutum ya fito yana gyara takalmi, ya gan su, ya sa hannu a aljihu ya ajiye nasa a kai ya wuce. Na bayansa ma ya yi haka. Na tsaya ina jira in ji ya kira su ya ce sun manta kayansu. Bai kira ba.